Dutsen Ciko Daga Kafarnahum

Dutsen bai fi ƙwan agwagwa girma ba, amma sai da aka shimfiɗa masa farin mayafi a kan tebur, aka girke shi a gaban bagadi kamar baƙon da ya sha hanya. Baƙi ne wuluk, mai huji-huji, irin wanda ake jifar awaki da shi a Filato ba wanda ya kula. A ranar Lahadin nan kuwa, a cikin tsohon siton da aka mayar coci a bayan titin Old Kent Road a London, mutum fiye da ɗari ne suka yi layi don su ɗora masa yatsa.

Dattijo Dachung Gyang yana tsaye a gefen teburin cikin sabuwar shadda, yana karɓar barka da dawowa. A takardar tsarin sujada an buga sunansa da haruffa biyu a wutsiya, JP, lambar girman da Kiristan Najeriya ke liƙa wa sunansa idan ya je Ƙasa Mai Tsarki ya dawo. Shekara bakwai yana kwaɗayin haruffan nan. Tun kafin jirgi ya tashi ya gama koyon sa hannu da su a bayan tsofaffin ambulan, ya dai ɓoye kada matarsa Tabitha ta gani ta samu abin tsokana.

"Ku taɓa da bangaskiya," in ji Fasto Bernard. "Daga Kafarnahum ya fito, garin da Ubangijinmu ya zauna. Wa ya sani ko ƙafarsa ta taɓa shi? Dattijo, ƙara gaya musu yadda ka same shi."

Dachung ya gyara murya. Ya ce yana durƙushe yana addu'a a gaban kangon garin, hawaye na zuba, sai wani tsoho mai kula da wurin ya tausaya masa, ya tsinto dutsen a ƙasa ya danƙa masa a hannu. 'Yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa. Wannan ne karo na huɗu da yake ba da labarin, kuma a kowane karo tsohon sai ya ƙara tsufa, gemunsa ya ƙara fari.

Mutum ɗaya ce ba ta tashi ba. Mama Damaris, surukarsa, tana zaune a layi na biyu da sandarta tsakanin gwiwoyi. Idanunta sun yi rauni, amma kunnenta ras yake. Shekara biyar ke nan da Tabitha ta ɗauko ta daga gida, bayan an ƙone ƙauyensu. Duk wanda ya ce ta taso ta taɓa, sai ta ce ƙafa ce ke damunta, ai tare suke kwana da dutsen a gida ɗaya.

Ita ce ma sanadin dutsen, in ana son gaskiya, ko da yake ba ita ta aike shi ba. Ranar da zai tafi, yana fama da zip ɗin jaka, ta kira shi.

"Baban Kaneng, ni ba na son ruwan Urdun, ba na son man zaitun. Akwai gidan da Yesu ya shiga ya warkar da surukar Bitrus daga zazzaɓi. Ka je ka duba mini shi da kyau. Ina ƙofa take kallo, ina suka kafa murhu, ana hango ruwa daga tsakar gida ko ba a hangowa. Ka ga ai wurin namu ne, ni suruka, kai Bitrus."

Ya yi dariya ya ce an gama. A zuciyarsa kuwa ya raina saƙon. Ya za a yi mutum ya ƙetare teku ya dawo wa surukarsa da labarin murhu? Ya ƙudura zai kawo mata abin da za ta riƙe a hannu, abin da zai rufe bakin duk masu dawowa da ruwa a gorar roba.

Abin da ya faru a Kafarnahum ba shi da tsoho a ciki. Rana ta take, jagoransu ya tara su a gaban kangayen garin, gidajen masunta na baƙin dutse, bangon bai wuce ƙugu ba, an kewaye su da shingen ƙarfe. Daga nan ya ja su zuwa cocin zamani da aka ɗora a kan gidan Bitrus, inda ake leƙa kangon ta gilashin da ke ƙasa. Kowa ya hau. Dachung ya ce zai ɗan yi addu'a. Ya durƙusa a bakin shinge, ya rufe ido ɗaya, ya bar ɗayan yana gadi. Ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa, ya lalubo wani ƙaramin dutse a jikin bango. Dutsen ya ƙi. Ya ciro cokalin shayin otal daga aljihu ya shiga ƙwaƙula. Da dutsen ya fito, sai ƙasa ta biyo shi tana zuba, wani babban dutse a sama ya ɗan sunkuyo, aka bar rami a bangon. Ya tura ɗan dutsen cikin safa, ya miƙe yana cewa amin.

Kuma ba jahilci ya sa shi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan in ya tuna. Shekara goma sha ɗaya Dachung yana aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a tsakiyar London. Daga safe zuwa yamma aikinsa guda ne, ya hana mutane taɓa duwatsu. Ya san duk dabarun masu miƙa hannu, shi ya sa ya iya tasa. A ɗakin shan shayi kuwa babu wanda ya kai shi ƙorafi a kan yadda aka kwashe kayan kakanninsu daga Najeriya aka zuba a cikin gilasai. In ya fara, abokin aikinsa Kassim sai ya ɗauki kofinsa ya canza kujera.

Bayan sujada suka koma gida, hawa na uku a wani dogon bene da ke kallon titi. Tabitha ta sauke gwaten acca, aka ci, aka wanke hannu. Dachung ya kwance farin mayafin, ya rusuna a gaban kujerar surukarsa.

"Mama, ga tsarabarki. Coci aro na ba su. Don ke na kawo."

Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ba ta kai shi ga ido ba, da yatsu ta karanta shi. Ta juya, ta shafa, ta sake juyawa. Sai babban yatsanta ya tsaya a gefe guda, ta kankara da farce, wani busasshen abu ya zubo a kan zaninta.

"A ƙasa tsohon ya tsince shi, ka ce?"

"E, Mama."

"To," ta ce. "Wannan dutsen ciko ne, ɗana. Ka ji nan, an fasa gefensa don ya zauna daidai. Ga laka ma ta maƙale. Irinsa ake cusawa tsakanin manya don kada su motsa. Ni na miƙa wa baban Tabitha irinsu da hannuna lokacin da muke gini, kwando-kwando. Wanda ya daɗe a ƙasa ruwa ya wanke masa laka. Wannan bai daɗe da barin bango ba."

Tabitha, da ke tattara kwanuka, ta tsaya da faranti a hannu ta dubi mijinta. Shi kuwa kafet yake kallo. 

"Bangon gidan wa ne?" Mama Damaris ta tambaya. Babu faɗa a muryarta, kamar tana tambayar sunan wani dangi.

"Mama, kango ne. Masu shi sun mutu shekara dubu biyu."

"Na sani. Nawa ma kango ne."

Ba ta taɓa ba da labarin komawarta ƙauye ba, ko ga 'yarta. Ranar ta bayar, tana riƙe da dutsen a cinya. Ta ce wuta ba ta cin dutse. Waɗanda suka zo da wuta sun cinye jinka da ƙofofi da rumbu, amma bango suka bar shi a tsaye. Wata takwas tana zaune a ajin makarantar firamare tare da sauran waɗanda suka gudu, abin da ke riƙe da ita shi ne bangon nan yana nan. Da hanya ta buɗe, ta roƙi wani mai babur ya kai ta.

"Na tarar da fili," ta ce. "Ba maƙiya ba ne suka kwashe. Namu ne, 'yan unguwar gaba. Wannan ya ɗauki biyu ya gyara shingensa, wancan ya ɗauki uku ya kafa murhu. Kowa ya ce ai kango ne, ai kaɗan na ɗauka. Har da ɗan ƙanwata. Na yi ta zagaye ina neman inda ɗakina yake, inda na haifi wannan da ke tsaye, ban gane ba. Mai babur ya ce Mama rana na faɗuwa. Na hau muka dawo."

Motar bas ta wuce a ƙasa, tagar ta ɗan girgiza. Tabitha ta ajiye farantin ta zauna a hannun kujera.

Tsohuwar ta miƙo dutsen. Dole ya karɓa.

"Bar wannan," ta ce. "Ba ni saƙona. Ƙofar gidan ina take kallo?"

Dachung ya buɗe baki. Ya nemi ƙofar a cikin kansa bai same ta ba. Ya nemi murhu, ya nemi ruwan da ta tambaya, tekun da garin ke bakinsa. An ce yana nan dab da kangon, ya ma ga hotonsa a wayoyin abokan tafiya, amma shi bai tuna ya ɗaga kai ya gan shi ba. Bai hau cocin ba, bai leƙa ta gilashin ba. Abin da ya kalla a Kafarnahum shi ne bayan jagora, da inda ma'aikatan wurin suke tsaye, da hannunsa. Da ya so, da ya ƙirƙiro mata ƙofa mai kallon gabas, kamar yadda ya ƙirƙiro tsoho mai gemu. Bakinsa ne ya ƙi.

"Ban duba ba, Mama."

"Ba komai," ta ce. "Sannu da hanya." Ta laluba sandarta ta shige ɗaki.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ce ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro, mai sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Tabitha ta gama wanke-wanke. Tana goge hannu ta ce, "Cokalin otal ɗin nan da na gani a aljihunka, na ɗauka shi ne kaɗai abin da ka sato." Ko ita ba ta yi dariya ba.

Washegari ya koma aiki. Aka ba shi ɗakin manyan duwatsu masu zane. Wajen sha ɗaya wata tsohuwar Baturiya ta matsa kusa da wani allon dutse, ta miƙa yatsa a hankali.

"Please don't touch, madam," ya ce, bakinsa ya riga shi.

Ta janye hannu da sauri, fuskarta ta yi ja. Ta ba shi haƙuri har sau uku, ta ce ba ta san abin da ya shiga kanta ba, so kawai ta yi ta ji ɗumin abin. Ta gode masa da yake kula da kayan. Dachung ya gyaɗa kai, ya koma kusurwarsa ya tsaya da hannu a baya. A lokacin shayi Kassim ya jira ƙorafin da aka saba, bai zo ba.

"JP, lafiya? Yau ba za a mayar da kayan kakanni gida ba?"

"Kaina ke ciwo," in ji Dachung.

Ranar Laraba Fasto Bernard ya kira shi a waya, murya cike da murna. Ya ce wani ɗan'uwa kafinta ya ba da kyautar akwatin gilashi, har da ɗan fitila a ciki. Ranar Lahadi za a keɓe dutsen, ya zauna a coci dindindin. An sanar a zauren hirar 'yan ikilisiya na waya, akwai masu zuwa daga unguwar Tottenham da marasa lafiyarsu. Ya roƙi Dattijo ya shirya shaidarsa, ya kuma ƙara bayani a kan tsohon nan, domin labarin yana taɓa mutane.

Hanya biyu ce a gabansa, ya kuma san su sarai. Ya miƙa dutsen, a kulle shi a gilashi tare da ƙaryar, ya ci gaba da zama Dattijo JP. Mama ba za ta tona shi ba, ba halinta ba ne. Za ta dai riƙa zama a layi na biyu kowace Lahadi tana jin ana guɗa. Ko kuma ya tsaya a gaban mutanen da suka taɓa dutsen suka shafa a goshin 'ya'yansu, ya ce musu da cokali ya ƙwaƙulo shi. Ya gwada hanya ta uku a zuci, ya ce ya ɓace a bas. Sai ya ga hakan na nufin sabon tsoho ne zai ƙirƙiro, wannan karon ɓarawo.

Kwana uku dutsen yana aljihun rigar sanyinsa. Ya kasa barinsa a gida inda take, ya kasa ajiye shi a akwatin ajiyarsa na wurin aiki. A gida Mama Damaris ba ta canza masa ba ko kaɗan. Tana amsa gaisuwarsa, tana tambayar aiki, tana ajiye masa ƙashin da yake so a miya. Wannan kirkin ya fi komai nauyi.

Ranar Asabar da safe ya binciko takardar da aka raba musu a ƙofar Kafarnahum, mai ɗauke da adireshin masu kula da wurin. Ya rubuta wasiƙa gajera, ya yaga, ya sake rubutawa ba tare da kalmar kuskure ba, don ba kuskure ba ne. Ya zana shingen, ya sa alama a inda ramin yake. Wannan kam ya tuna shi daidai, har da dutsen da ya sunkuyo. Ya naɗe dutsen cikin farin mayafin, ya tafi gidan waya.

Matar da ke kan kanta ta tura masa takardar kwastan ta ce ya zaɓi ɗaya. Kyauta ce, ko takardu, ko kayan da ake mayarwa? Ya daɗe yana kallon layin farko. Ya sa alama a na uku. A wurin sunan mai aikawa ya rubuta Dachung Gyang, alƙalamin ya ɗan yi jinkiri a kan takarda don ya saba da ƙari, sannan ya ɗage shi. Bai san ko za su mayar da dutsen gurbinsa ba, ko za su rubuto wa wurin aikinsa. Ya dai sa adireshinsa na gaskiya.

Ranar Lahadi siton ya cika har bakin ƙofa. Akwatin gilashin yana kan tebur, fitilarsa a kunne, tana haska jan ƙyallen da babu komai a kai. Dachung ya so ya ga Fasto kafin sujada, ya tarar da shi cikin baƙi, ya yi ta jan ƙafa har aka fara waƙa. Bai sa sabuwar shaddar ba. Yana zaune kusa da surukarsa.

"Yanzu," in ji Fasto Bernard, "Dattijo Dachung Gyang, JP, zai kawo mana albarkar da ya ɗauko."

Aka yi tafi. Bai tashi daga kujera ba. Ya hango wata mata daga Tottenham ta turo mijinta a keken marasa lafiya har gaba, ta gyara masa hula. Ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata.

Sai ya ji an dafa gwiwarsa. Mama Damaris ce ke ƙoƙarin miƙewa, ita da ƙafa ta hana ta tashi makon jiya.

"Riƙe ni, Bitrus," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba na ganin hanya."

Ya riƙe ta. Suka taka a hankali, sandarta na ƙwanƙwasa siminti, har gaban teburin. Tafin ya yi ta raguwa da mutane suka lura hannunsa babu komai sai hannun tsohuwa. Fasto ya miƙa masa makirfo yana duban aljihunsa. Mama Damaris ba ta koma ba. Ta tsaya a gefensa, ta jingina da sandarta, ta juya kunnenta mai kyau wajensa.

"An aike ni Kafarnahum in dubo gida," in ji Dachung. Muryarsa ta fita daga lasifika ta dawo masa baƙuwa. "Ban dubo ba. Abu ɗaya na gani a can, zan iya kwatanta muku shi da kyau. Rami ne a jikin bango, bai fi ƙwan agwagwa ba."

Ana jin motoci a kan titi. Ya dubi surukarsa.

"Ci gaba, ɗana," ta ce. "Ina ji. Wa ya yi ramin?"